Hular Kwano Mai Shan Iska

Malam Nata'ala mai wankin hula ya shekara fiye da ashirin a Alƙahira, kuma idan ya haɗu da mutum kansa yake fara kallo kafin fuskarsa. Ba raini ba ne, sana'a ce ta bi jikinsa. Karatu ya kawo shi daga Kano yana saurayi, karatun ya gagara, kunyar komawa gida hannu rabbana ta riƙe shi, sai ya koma wa abin da ya taso ya ga mahaifinsa yana yi a Fagge. Ɗaliban Najeriya da ke unguwar Abbasiya suna zuwa da huluna masu tsada daga gida, amma babu wanda ya iya wanke su. Ɗan Masar mai guga in ka ba shi Zanna Bukar, shimfiɗe ta zai yi ya bi ta da dutsen guga, ya miƙo maka yana murmushi. To nan Nata'ala ya samu abincinsa.

A unguwar Ard al-Liwa yake zaune, can ƙololuwar wani dogon bene, a ɗakuna biyu da ke kan rufin. A nan yake jera katakan ɗora hula da aka kawo masa daga gida. Ya wanke hula da burushi mai laushi, ya shafa mata ruwan ƙaro, ya ɗora ta a katako rana ta yi aikinta, sannan ya bubbuge ta har zaren ya kwanta ya yi ƙyalli. Duk mako yakan cika jaka ya hau ƙaramar bas zuwa Abbasiya, kuma ba ya miƙa hula ya tafi sai ya yi wa mai ita lacca. Hular kirki, in ji shi, ba ta matse goshi ta bar shaida, ba ta kuma faɗuwa in an yi sujada. Dole fatar kai ta sha iska a cikinta. Bayan haka a duba ko ta dace da fuskar mai ita, don akwai mai doguwar fuska da ke kafa doguwar hula ya fito kamar taɓarya. Ɗaliban suna dariya a bayan idonsa, amma in ɗayansu zai yi aure, shi ake kira ya zaɓa. A kan tafsiri da nahawu Nata'ala ya sha kunya a garin nan. A kan abin da ake ɗorawa a ka kuwa, bai yarda akwai wanda ya fi shi ba.

Matarsa Mahasin Bahaushiyar Sudan ce, kakanninta suka taso daga ƙasar Hausa za su Makka a ƙafa, suka yada zango a bakin Nilu ba su ƙara gaba ba. Allah ya ba su ɗa ɗaya tak, Mazin. Nata'ala mutumin da ne, ya ɗauko kunyar ɗan fari tun daga Fagge ya kawo ta Masar bai zubar da ko kaɗan a hanya ba. Bai taɓa kiran sunan yaron ba, "samari" yake ce masa. Bai ɗauke shi a gaban mutane ba yana jariri, bai yabe shi ba da ya girma. Mahasin, wadda a wajensu da sunan ɗa ake kiran uba, da gangan take ƙwala masa "Abu Mazin" a matattakala don ta ga ya sunkuyar da kai. Alhali duk duniya babu abin da yake so kamar wannan ɗa. Ya san sautin takunsa tun daga ƙasan bene, ya san girman kansa ba tare da ya taɓa aunawa ba. Furtawa ce kawai ba zai iya ba.

Shekara guda bayan juyin juya halin 2011 Mazin ya gama sakandare, kuma baƙar fata marar takardun ɗan ƙasa ba ya zaɓen aiki a Alƙahira. Abokinsa Abakar, shi ma Bahaushen Sudan ne ɗan unguwarsu, ya samo masa aikin kai abinci gidaje a kan babur. Ɗayyar ake ce wa masu wannan aiki, wato matuƙin jirgin sama, kuma sunan bai yi ƙarya ba, don tashi suke yi. Lokacin nan 'yan sandan hanya sun yi ƙaranci, mai bas sai ya biyo hannun da ba nasa ba ya kuma zage ka. Tun ranar da Mazin ya hau babur barcin Nata'ala ya ragu. Tsoronsa ɗaya ne, kada kan yaron nan ya haɗu da kwalta.

Mahasin ba ta tsaya tsoro ba. Ta je shagon kayan babur ta sayo hular kwano, baƙa, mai nauyi, mai haɓa da gilashi, irin wadda ke haɗiye kai gaba ɗaya. Ta sa Mazin ya dafa Alƙur'ani ya rantse ba zai tada babur ba sai tana kansa. Nata'ala ya ji daɗin rantsuwar, amma abin ya sosa masa rai. A ce za a sayo abin sawa a ka a gidansa, ko tambayarsa ba a yi ba.

Mazin ya riƙe rantsuwa. Sauran 'yan ɗayyar a gwiwar hannu suke rataye tasu, in ma suna da ita, shi kaɗai ke yawo a rufe ruf, har suka sa masa suna ɗan sama jannati. Da sanyi abin da sauƙi. Da zafin 2013 ya shigo sai hular ta zama azaba. Ƙuraje suka feso masa a goshi da ƙeya, wasu suka yi ruwa, soson cikin hular ya riƙa wari. Ciwon kai ba ya barinsa. Bai yi ƙorafi ba, sai dai in ya dawo ya zauna a bakin tabarma ya dafe kai, uwar tana yi masa fifita. Nata'ala yana gefe yana bugun hula, yana kallo ta wutsiyar ido, ko sannu ta gagare shi.

Wata rana yaron yana wanka, Nata'ala ya ɗauki hular ya zura kansa. Nan take ya ji kamar an kifa masa randa. Ta danne kunne, ta matse kumatu, numfashinsa yana dawo masa a fuska, in ya waiwaya sai ta ja wuyansa. Ya cire ta ya ajiye yana tsaki. A duk ma'aunin da ya sani bai taɓa ganin mummunar hula irin wannan ba, har ya ce a ransa wanda ya ƙera ta bai taɓa tausayin ɗan Adam ba.

A Wikalat al-Balah ya gamu da wata hular daban, kasuwar gwanjo da ke Bulaƙ inda ake kwance dilolin kayan Turai. Tsofaffin tawul ya je nema. A gaban wani tsoho mai sayar da tarkace, tsakanin takalman sanyi da jakunkuna, ya hango hular kwano fara mai ratsin shuɗi. Ya ɗaga ta, sai hannunsa ya yi sama fiye da yadda ya yi niyya, saboda ba ta da nauyi ko kaɗan.

Ya zauna a kan wata dila ya shiga yi mata binciken da yake yi wa hular ango. Ya cire tasa ya ɗora a gwiwa, ya sa ta. Ta zauna daram, cikinta laushi, babu inda ya tokare shi. A ƙeya akwai wani ɗan abin murɗawa, in ka juya shi sai hular ta kama kai a hankali, in ka mayar ta saki. Nata'ala ya yi ta murɗawa yana mayarwa. Shekara da shekaru yana fama da hular da ta yi wa mutum yawa ko ta yi kaɗan, ashe wasu sun gama da matsalar tuni. Bai ɗaura igiyar ba ya sunkuya har goshinsa ya kusa taɓa ƙasa, ya girgiza kai. Ko gezau ba ta yi ba.

Sai kuma maganar iska. A samanta akwai tsagogi a jere, da wani ɗan marfi da ake turawa da yatsa ya buɗe su ko ya rufe. Ya buɗe, ya fita tsakiyar layi, ya yi 'yar sassarfa da hular a kansa, babban mutum da furfurarsa, mata masu zaɓen labule suna kallonsa. Ya ji iska ta shiga ta goshi ta bi tsakar kai ta fita ta ƙeya. Kunnuwanta na soso ne, kuma ɓallewa suke yi. Fuska a buɗe, haɓa a sake. Da ya duba madubin tsohon ya ga ta bi siffar kai ba ta yi tsiri ba, irin wadda za ta dace da zagayayyar fuskar Mazin. Abu biyu ne bai gane ba, wani ɗan maƙalin roba a bayanta, da wani zane mai tsini-tsini a gefe. Zanen ya ɗauka dalar Giza ce, ya ce wataƙila don Masar aka yi ta.

"Ta babur ce?" ya tambayi tsohon.

"Ta babur, ta keke, ta duk abin da kake so, ya hajj," in ji tsohon. "Kayan waje ne."

"Wannan abin na baya fa?"

Tsohon ya karɓa ya duba, ya ja maƙalin ya saki. "Na ratayewa ne a ƙusa."

Ba ƙarya ya shirya ba. Iyakar saninsa ke nan, mutumin da bai taɓa barin Bulaƙ ba ina zai san abin da mutanen ƙasashen sanyi suke yi da kawunansu. Nata'ala ya ce yana da wata baƙa a gida mai gilashi, ko za a yi musaya. Tsohon ya ce a kawo ya gani. Ranar hutun Mazin, yana barcin rana, uban ya saka baƙar a jakar huluna ya sauka da ita ya kai wa tsohon. Tsohon ya ƙwanƙwasa ta da yatsa, ya ɗaga gilashin ya sauke, ya ce khalas, ciniki ya faɗa, ko ja-in-ja bai yi ba. Nata'ala ya hau bas yana murmushi shi kaɗai, yana ganin yau dai ya yi wa ɗan Masar wayo.

Ya dawo gida da farar. Ya ajiye ta kusa da katifar yaron, ya koma rufi ya kama aikinsa. Can sai ga Mazin ya fito da ita a kai, yana shafa ta da hannu biyu.

"Baba, wannan daga ina?"

"Na gan ta ne a hanya," in ji Nata'ala, idonsa a kan hular da yake bugu. "Zo nan, samari, ba haka ake sa ta ba."

Mazin ya durƙusa ya ba shi baya. Uban ya gyara mata zama, ya murɗa abin ƙeyar a hankali yana tambaya ko ta matse, ya sa yatsa tsakanin igiya da maƙogwaro, ya buɗe tsagogin iska. Rabon hannunsa da kan ɗansa tun yaron yana cikin zanen goyo. Ya ja aikin ya yi tsawo fiye da yadda yake bukata.

Mahasin ta fito daga kicin tana goge hannu, ta zagaya yaron ta duba.

"Ya Abu Mazin, ina baƙar da na saya?"

"Na ba da ita."

"Wannan ba ta da haɓa. Ba ta da gilashi. Kuma ba nauyi, sai ka ce kwali."

"Nauyi ba shi ne kyau ba. Dubi yadda waccan ta mayar da goshin yaron nan. Ke kika san hula ko ni?"

Ta dubi ƙurajen, ta dubi ɗanta da ke ta washe baki, ta koma kicin. Tun da ta aure shi take ganin manyan mutane suna hawo benen nan don mijinta ya zaɓa musu abin sawa a ka. Ba ta da hujjar ja da shi.

Watannin da suka biyo baya su ne mafi daɗi da Nata'ala ya yi a Masar. Ƙurajen suka bushe, ciwon kai ya tafi. Mazin yakan dawo yana waƙa a matattakala, ya ce abokan aikinsa har roƙonsa suke su ɗana. Kullum da safe uban yakan leƙa ta katangar rufi, ya bi farin ɗigon nan da ido cikin cunkoson tuk-tuk, wato a-daidaita-sahu, har ya tsallake layin dogo ya ɓace. Tsoron bai tafi duka ba, amma ya kwanta. Yana ganin ya yi wa ɗansa abin da ba wanda zai iya yi masa.

A farkon 2014, wata ranar sanyi da la'asar, Abakar ya hawo benen a guje, ya tsaya a ƙofa. A hannunsa akwai leda, a cikin ledar farar hular ce, ta dare gida biyu. Wata bas ce ta yanko gaban Mazin a kan gada, babur ya zame, ya tafi da fuska ya daki ƙarfen gefen hanya.

A asibiti likita bai yi dogon bayani ba. Muƙamuƙi ya karye, jini ya taru a ƙwaƙwalwa, an yi aiki, saura addu'a. Mazin yana kwance ba ya motsi, fuskarsa ta kumbura har uwarsa sai da ta duba hannunsa kafin ta yarda shi ne. A baranda Abakar ya ɗaga ledar ya ce wa Nata'ala, wanda yake kira Ammu, wato baffa, "Wallahi Ammu, ba don hular nan ba da yanzu wani zancen ake. Ita ta karɓi dukan." Mahasin ta kama maganar ta riƙe da hannu biyu. Duk wanda ya zo dubiya sai ta faɗa masa, bayan ikon Allah hular da ubansa ya zaɓo masa ce ta tsare shi. Nata'ala ma ya riƙe, don ba shi da wani abin riƙewa.

Akwai wani gidan shayi daura da ƙofar asibitin, a nan yake zama kafin a buɗe wa masu dubiya. Wata rana da azahar, yana riƙe da kofin shayin da ya huce, ya ɗaga kai ya dubi talabijin. Wani dutse ake nunawa fari fat, da mutane sun ɗaure dogayen filankai a ƙafa suna gangarowa suna zamiya. Bai damu ba, har sai da aka matso da ɗaya daga cikinsu kusa, idonsa ya sauka a kan abin da ke kan mutumin.

Ga tsagogin iska a jere a sama, ga kunnuwan soso, fuska a buɗe babu haɓa. Mutumin ya juya, sai ga ɗan maƙalin roba a baya yana riƙe da igiyar wani faffaɗan tabarau. A bayansa kuma duwatsu ne masu tsini-tsini, irin zanen da Nata'ala ya ɗauka dala ce.

Ya kira mai kawo shayi ya nuna da yatsa. "Mene ne wannan?"

"Wasan Turawa ne, ya hajj, a kan talg," in ji shi, wato dusar ƙanƙara. "Ma'alish, kada ka damu, yanzu zan canza, ƙwallo ta kusa."

"Bar shi."

Ya zauna ya kalla. Wata mata ta gangaro, ƙafarta ta harɗe, ta faɗi ta yi ta mirginawa, farin gari yana tashi. Ta miƙe, ta kaɗe jikinta, ta ɗaga wa mutane hannu. Nata'ala ya juya ya dubi titin da ke gabansa, baƙar kwalta da dakalin siminti da ƙarfen gefen hanya. Ba ya bukatar kowa ya yi masa bayani. Tsagogin da ya yi ta yabo an yi su ne don mai wasa kada ya yi gumi. Haɓar da Mahasin ta tambaya, a daidai nan ƙarfen ya sami ɗansa. Ya auna abin da ya shafi rai da ma'aunin hular zuwa Juma'a, kuma da hannunsa ya ɗauki wadda aka yi don kwalta ya kai kasuwa. Baƙin cikin da ya sauko masa a kujerar nan bai sake barinsa ba.

Washegari ya je Wikala, shi kansa bai san me zai yi da baƙar hular ba in ya same ta. Tsohon ya gane shi ya yi masa maraba. Ya ce ai waccan ko kwana ba ta yi ba wani ɗayyar ya ɗauke ta, irinta ba ta zama. Ya tambaya ko farar ta yi wa yaron daidai. Nata'ala ya ce ta yi daidai.

Mazin ya farfaɗo bayan makonni. Da aka sallame shi, maƙwabta suka hau da shi benen a kan kujera, kuma tun daga ranar ba ya sauka sai in za a koma asibiti. Hannun dama ya mutu, ƙafar tana ja. Muƙamuƙin ya haɗe a karkace, magana tana fita da ƙyar, wani lokaci ya kama zance ya manta inda za shi. Hatsarin ba ya tuna shi ko kaɗan. Abin da aka faɗa masa shi ya sani, kuma abin da aka faɗa masa shi ne hular Baba ta cece shi. Ya sa aka ajiye masa ɓarin biyu a kan taga. In baƙo ya shigo sai ya nuna da hannun hagu ya ce, "Baba... ya zaɓa."

Nata'ala ya yi shiru fiye da shekara. Shi ke yi wa yaron wanka, shi ke kai shi banɗaki, shi ke fito da shi rufi ya sha hantsi. Lalura ta kore kunyar ɗan fari, yanzu kullum hannunsa na jikin yaron, sai dai ba haka ya so ba. Sau da yawa ya shirya zai gaya wa Mahasin, sai ya tarar tana ba wata maƙwabciya labarin hular, fuskarta da ɗan haske, ya juya. Yakan ce wa kansa wataƙila ko da baƙar ce haka za ta faru. Ya yarda da ƙaddara, amma hakan bai taɓa sa ya yi barci ba. A Abbasiya ya daina lacca. In ɗalibi ya tambaye shi wacce ta fi dacewa da shi, sai ya ce duk wadda ka ga dama. Huluna suka fara komawa ga masu su da tabon ƙaro, masu kawowa suka ragu, bai bi kowa ba.

Da zafin 2015, wata Juma'a bayan an sauko masallaci, Abakar ya zo gaishe su. Har yanzu yana aikin ɗayyar, ya yi aure, matarsa na da ciki. Suna zaune a inuwar tankin ruwa, Mazin a jingine da matashi, Mahasin tana zuba shayi. Abakar ya buɗe jakarsa yana murmushi ya fito da hular kwano ja, mai tsagogi a sama da kunnuwan soso da maƙali a baya.

"Na daɗe ina nema, Ammu. Duk dilar da aka kwance a Wikala sai na je. Matata ta ce in nemo irin ta Mazin ko in bar aikin. Abokan aikina ma sun ce in samo musu." Ya ɗora ta a kai, ya durƙusa a gaban Nata'ala ya ba shi baya. "Gyara mini ita yadda ka gyara masa, ka sa mata albarka."

Mazin ya yi dariyarsa ta gefe ɗaya yana buga tabarma da hannun hagu. Mahasin ta ce ma sha Allah.

Nata'ala ya dubi ƙeyar Abakar. Ya san in ya murɗa abin nan gidansa zai zauna yadda yake, matarsa da ɗan abin da take riƙe da shi, ɗansa da alfaharinsa. Ya kuma san gadar da Abakar zai hau gobe. Ya sa hannu biyu ya cire hular ya ajiye a ƙasa.

"Kada ka hau babur da wannan. Ba ta babur ba ce."

Abakar ya waiwayo. "Ammu, ai irin ta..."

"Irinta ce. Ta masu wasa a kan ƙanƙara ce, a ƙasashen sanyi. Na gani da idona a talabijin tun yaron nan yana asibiti. Ba a yi ta don kwalta ba, ba ta tare haɓa. Ka je shagon kayan babur ka sayi mai nauyi mai rufe fuska, ka sha zafinka. Ka gaya wa sauran." Bai dubi kowa ba. "Wadda uwarsa ta saya ita ce ta gaskiya. Ni na ɗauke ta yana barci na kai kasuwa."

Mahasin ta ajiye butar shayin a hankali. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta dube shi ta ce, "Tun yana asibiti ka sani, ka bar ni ina ta faɗa wa mutane?" Ya ce e. Ta tashi ta shiga ɗaki ta ja ƙofa. Abakar ya ɗauki jar hular ta igiya, ya yi sallama ƙasa-ƙasa, ya sauka.

Saura su biyu a rufin. Nata'ala ya so a ce yaron bai gane ba, yadda zance ke wuce shi wani lokaci. Amma da ya ɗaga ido ya ga Mazin yana kallonsa, dariyar ta tafi, leɓensa yana motsi yana neman kalma. Uban ya jira. Ya shirya wa kowace irin magana, har yana fatan ta zo da zafi, ko ya samu wanda zai faɗa masa abin da yake faɗa wa kansa.

Mazin ya miƙo hannun hagu ya dafa gwiwar ubansa.

"Ma'alish, Baba," ya ce, kalma ɗaya-ɗaya. "Ba ta... da zafi. Na ji... daɗinta."

Nata'ala ya kifa fuskarsa a kan hannun nan ya yi kukan da bai yi ba a asibiti. Yaron ya bar hannun a wurin, don ba shi da wani da zai shafa masa kai da shi.